Babanmu ya ƙi barin gidan bakin kogi, ruwa kuma sai ƙaruwa yake

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni ce babba a gidanmu, ina aure a nesa da gida. Gidanmu na gado a bakin kogi yake, nan aka haifi Baba nan aka haife mu, kuma tun tasowarmu ruwa yana cika ya koma bai taɓa shigo mana ɗaki ba. Amma cikin shekara 5 ɗin nan sau 3 yana shigowa, bara kam cikin dare ya zo har ƙirji, da ƙyar maƙwabta suka fitar da Mama saboda ciwon ƙafa bata iya sauri, ga yara biyu marayun ƙanina da ya rasu suna hannunsu. Bangon ɗaki ɗaya ma ya faɗi. Ni da ɗayan ƙanin nawa muka haɗa kuɗi muka kama musu haya a kan tudu, Baba yace ko kusa, shi inda aka yanke masa cibiya nan zai mutu, ga gonarsa ga kaburburan iyayensa, kuma abin da Allah ya rubuta ba makawa. Mama tace bazata tafi ta bar mijinta ba. Ƙanina yace mu daina tura kuɗi har sai ya yarda, ni kuma raina bai kwanta da hakan ba. Yanzu ko hadari na gani gabana faɗuwa yake, bana barci. Anti ya zan yi, in matsa masa ko in ƙyale shi?

Wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙan ɗan uwanki, ya ba Mama lafiya, ya raya marayun nan. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda ya fi tsaya min a rai shine da kika ce ko hadari kika gani gabanki faɗuwa yake. Toh bari in fara da wannan, tsoronki yana da tushe, kar wani yace miki waswasi ne ko rashin tawakkali. Ruwan da ya shiga ɗaki sau 3 cikin shekara 5 a gidan da a da bai taɓa shiga ba, wannan ya wuce a kira shi tsautsayi. Duniya ta ƙara zafi da sama da digiri 1 in aka kwatanta da ƙarshen ƙarni na 19, shekarar 2024 ma ta zarce duk waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, kuma masana sun auna cewa duk ƙarin digiri 1 iska tana iya riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, shi yasa ruwan da a da yake sauka a hankali cikin kwanaki yanzu sai ya zubo cikin 'yan awanni, ga kuma gine-gine a kan hanyar ruwa da sare bishiyoyi da toshewar magudanai, duk su taru su tura ruwan inda bai saba zuwa ba. Baba ya san kogin nan fiye da ni da ke, wannan ba musu, sai dai kogin da ya sani na ƙuruciyarsa ne, na yanzu ya sauya hali.

Amma dan Allah ki cire wa ranki cewa taurin kai ne kawai irin na tsofaffi. Mutanen da suke zama a wurin da haɗari ya zagaye su suna da yawa ƙwarai a duniya, ba a dai cika jin labarinsu bane. Abin da ake yawan yaɗawa shine lissafin masu tashi, kamar na Bankin Duniya na 2021 da yace mutum miliyan 216 za su iya yin ƙaura a cikin ƙasashensu nan da 2050 saboda sauyin yanayi, amma waɗanda za su zauna inda suke sun fi haka nesa ba kusa ba. Tun 2011 wani rahoto da gwamnatin Birtaniya ta fitar ya ja hankali kan mutanen da suke son tashi amma ba hali, talauci ko tsufa ko rashin lafiya ya ɗaure su, daga baya kuma masu bincike suka ƙara gane akwai waɗanda suna da halin tafiyar amma su da kansu suka zaɓi zama. A Amurka fa, ƙasar da ake ganin ta fi kowa kuɗi, lokacin guguwar Katrina a 2005 an ce kowa ya bar birnin Niyu Olins, dubban mutane basu fita ba, wani bashi da mota, wani bashi da inda zai sauka, wani yana tsoron a kwashe masa kaya, wani yace ai mun ga irinta a baya mun tsira. A can ɗin dai akwai wani tsibiri, Isle de Jean Charles, da ruwa ya cinye kusan kashi 98 cikin 100 na ƙasarsa, a 2016 gwamnati ta ware dala miliyan 48 don a sake musu matsuguni, duk da haka aka samu waɗanda suka ce su suna nan. Kinga kenan gida a kan tudu da kuɗin haya basa isa su tayar da mutum daga inda ransa yake. Sai dai akwai abu mai ɗaci a labarin Katrina ɗin da bazan ɓoye miki ba, kusan rabin waɗanda suka mutu a jihar Luwiziyana, inda birnin Niyu Olins yake, 'yan shekara 75 ne zuwa sama. Tsofaffi su suka fi ƙin tashi, kuma su ruwa ya fi ci.

Yanzu mu dawo kan Baba. In dattijo yace "nan zan mutu" akwai maganganu da yawa a ƙarƙashin wannan kalmar da bazai taɓa furta wa 'ya'yansa ba. A gidan nan shi mai gida ne, yana da gona, yana da sanayya, in ya fito kowa ya san ɗan wane ne, safiya tayi ya san abin da zai yi da hannunsa. A gidan haya fa? Tsoho ne da 'ya'yansa suke biya masa ɗaki, ya zauna jiran a aiko, ba gona ba abokan hira, ƙila ma yana tsoron in ya ɗaga ƙafa wani ya shige masa fili, ko ranar da kuɗin haya ya gagare ku ya rasa nan ya rasa can. Wallahi wannan tsoron ba ƙarami bane ga mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ciyar da wasu. Sannan ki yi haƙuri in faɗa miki wata gaskiya, yadda na fahimta daga wasiƙarki sai da kuka kama gidan kafin kuka sanar da shi. Niyyarku kyakkyawa ce, Allah ya saka muku, amma shi abin da ya gani shine an yanke hukunci kan rayuwarsa a bayan idonsa, kuma ko da shawarar daidai ce mutum irinsa zai iya ƙin ta saboda hanyar da ta biyo kaɗai.

Maganar daina tura kuɗi kuwa, a'a, zuciyarki ce tayi gaskiya. Wa zai fara jin yunwar? Mama da marayu. Maganin ƙafarta zai tsaya, gyaran bango zai tsaya, Baba kuma zai ƙara kafewa don yanzu abin ya koma gwajin ƙarfi tsakaninsa da ɗansa, kuma ƙofar maganar da kuke buƙata ta rufe kenan, ban ma taɓo haƙƙin iyaye ba. Amma kar ki yi faɗa da ƙanin naki, shima tsoro ne yake cinsa, ya riga ya binne ɗan uwa ɗaya, nasa tsoron ne ya fito a fushi naki ya fito a rashin barci. Ki ba shi aiki a cikin tsarin da zan faɗa miki, namiji in ya samu abin yi da hannunsa zafin yana raguwa.

Ƙyalewa ma bata taso ba. Baba yana da iko da kansa, amma a gidan nan akwai mace mai ciwon ƙafa da yara biyu da basu zaɓi komai ba.

Abin da nake gani shine tambayar da kuke ja-in-ja a kanta ce tayi girma da yawa. Kuna cewa ku tashi, yana cewa bazan tashi ba, ba tsakiya. Ku rage mata girma, ku mayar da ita "a ina za a kwana a makonnin da kogi yake cika". Bari in baki misalin da nake yawan tunawa. A Bangaladesh guguwar teku ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, amma wata mai ƙarfi da ta zo a 2007 mutum dubu 3 da wani abu ta kashe, kuma mutanen bakin tekun basu yi ƙaura ba, suna nan inda kakanninsu suke. Abin da ya canza shine gargaɗi yana isowa da wuri, 'yan sa kai suna bi unguwa-unguwa da lasifika, an gina mafaka masu tsayi da mutane za su fake na kwana ɗaya ko biyu su koma gida. Har ma da aka lura wasu suna ƙin zuwa mafakar saboda bazasu bar dabbobinsu ba, sai aka riƙa tada tudun ƙasa na ajiye dabbobi. Wato maimakon ayi ta zagin mai ƙin tafiya, sai aka tambayi me ya riƙe shi aka warware masa wannan abin. Haka nake so kuyi da Baba.

Ki je da ƙafarki tun kafin ruwan farko, wannan ba maganar waya bace. In kin je kar ki ambaci gidan haya a ranar farko, ki zauna dashi kice Baba bani labarin kogin nan, ina yake tsayawa lokacin kuna yara, ina ya kai bara, ki bar shi ya tashi ya nuna miki da sandarsa, don in da bakinsa ya faɗi bambancin ya fi ace ke kika faɗa masa sau goma. Daga nan sai ki roƙe shi abu ɗaya, shi da kansa ya zaɓi alama, a kafa turke ko a shafa fenti a jikin bishiya ko dutse a bakin kogin, a yi alkawari duk ranar da ruwa ya taɓa wannan alamar ko hukuma ta bada sanarwar ambaliya kowa zai fita har dashi, kuma tun da rana ba sai duhu ya shiga ba. Alamar ta zama can ƙasa, wadda zata baku awanni, kar ta zama bakin ƙofa. Shi ya saka ta, maganarsa ce, kuma dattijo baya son a ga ya saɓa maganarsa musamman in anyi a gaban amininsa ko wani babba da yake jin nauyi. Gidan da kuka kama kuma ku daina ce masa sabon gida, masaukin damina ne, ruwa ya janye a koma.

Yaran nan kam ni a ganina kar a jira alama ma, da damina ta kankama su koma tudu ko wajenki ko wajen kawunsu. Kuma ga wata dabara, kar ku ɗauke su kamar kun ƙwace, ki ce Baba amanar marayun nan a wuyanka take, kai za ka bada umarnin a kai su inda ruwa bazai same su ba. Sau da yawa mutumin da bazai motsa don kansa ba da gudu zai tura iyalinsa inda za su tsira, saboda wannan bai taɓa masa girma ba, ƙara masa ma yayi. Haka Mama. Ki same ta ita kaɗai, ba a gabansa ba, ki tambaye ta tsakaninta da Allah me take so, don macen da aka ciccibo cikin ruwa har ƙirji da tsakar dare ba mamaki tana da maganar da kunya da biyayya suka hana ta faɗa. In tana son tafiya, Baba za a roƙa yayi mata izini da bakinsa, sai ta tafi da kwanciyar hankali ba tare da jin ta gudu ta bar miji ba. In kuma da gaske ta fi son zama kusa dashi, ki girmama wannan, amma sai tsarin fitar da ita ya zama shine farko a komai.

Batun ƙaddara da ya kawo, gaskiya ne abin da Allah ya rubuta ba makawa, amma kin san lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka ce masa annoba ta ɓarke ya juya da jama'a, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake, yace muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ga kuma hadisin mai raƙumi da aka ce ya ɗaure shi sannan ya dogara. Baba ya san waɗannan, ƙila ya fi mu. Kar dai ya fito daga bakinki kamar kina masa wa'azi, a samu malamin da yake girmamawa ya taɓo maganar cikin hira.

Sai shirin daren da muke roƙon Allah kar ya zo, nan ne aikin ƙaninki. A san tun yanzu wa zai ɗauki Mama, mutum biyu da sunansu da lambar wayarsu, da abin hawan da zai zo, a ma biya kafin lokaci don ranar kowa ta kansa yake. A bi hanyar fita da rana a tabbatar bata ratsa kwalbati ko gada ko kwari ba, saboda ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, iya idon sawu kenan, yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 kuma yana ɗaga ƙaramar mota, balle tsohuwa cikin duhu. Takardun gida da na gona da katin asibiti a ƙulle su a leda a rataye sama, ki ɗauki hotonsu a wayarki ki ajiye kwafi a wajenki, wannan kaɗai zai rage wa Baba tsoron rasa fili. Maganin Mama na sati biyu, tocila, rediyo mai batir, waya da caji, duk a jaka ɗaya kusa da ƙofa. Iri da hatsi a ɗaga su sama, dabbobi a kai su tudu da wuri don kar ya zama su ne dalilin da zai sa ya koma cikin ruwa. In akwai lantarki a kashe daga tushe kafin a fita. In akwai madatsar ruwa a saman kogin ku riƙa bin sanarwar sakin ruwa kamar yadda kuke bin hadari, don ruwan dam baya jiran a ga gajimare, abin da ya faru a Darna ta Libiya a watan Satumban 2023 da madatsu biyu suka ɓalle cikin dare ya ci dubban rayuka. An ƙiyasta gargaɗin awa 24 kacal yana rage ɓarna da kusan kashi 30 cikin 100, toh ke da kike nesa kuma kina da intanet wannan aikin naki ne, ki ji ki kira.

Bangon nan da ya faɗi ya dame ni sosai. Ginin da ya sha ruwa sau 3 yana iya tsayawa a ido alhali tushensa ya ruɓe, kuma sau da yawa bayan ruwa ya janye ne gini yake ruftawa kan mutane suna barci. A kawo magini na ƙwarai ya duba, ɗakin da ya tsage kar a sake kwana a ciki. Rijiyar da ambaliya ta shiga ma kar a sha sai an tafasa ko an sa magani, kwalara daga nan take farawa.

In wannan daminar ta wuce lafiya sai a fara tunanin gaba, a hankali. A ƙasar Fiji akwai wani ƙauye, Vunidogoloa, da teku ya matsa musu har suka tashi a 2014, amma bayan shekaru ana shawara da su, kuma gaba ɗayansu suka tashi tare zuwa tudun da bai wuce kilomita 2 ba a cikin ƙasarsu. A Holan kuma da gwamnati ta so ta bar wa kogi wani fili ya riƙa malala, manoman wurin ne suka kawo shawarar a tada musu tuddai a gina gidajensu a kai su ci gaba da noma. Abin da na ɗauka daga nan shine mutum ya fi yarda ya matsa in kusa ne, in da mutanensa ne, in kuma wurin nasa ne. Don haka maimakon kuɗin haya duk shekara, ku duba ko za ku iya mallakar ɗan fili a tudun da ya fi kusa da gonar, da sunan Baba, shi zai tsaya kan ginin, ya je gona da safe ya ziyarci kaburburan iyayensa duk sanda yaso. Ku ji ta bakin maƙwabta ma, ƙila akwai abokansa biyu uku da suke wannan tunanin kowa yana jiran wani ya fara. In kuma ƙasar gidan tana da ƙwari, ana iya ɗaga daɓen ɗaki ɗaya da tushe mai ƙarfi ya zama mafaka. Sai dai in kogin cin gaɓa yake yana matsowa, ba ginin da zai tare shi, kar ku zuba kuɗi a nan.

Zai iya yiwuwa kiyi duk wannan Baba yace a'a. In haka ta faru ki fitar da yaran, ki fitar da Mama in ta yarda, ki ci gaba da tura abin da kike turawa, ki bar masa makullin masaukin a hannunsa ko da yace baya so, ki bar maƙwabtan nan biyu cikin shiri, kuma ki sake ɗaga maganar bayan wata ɗaya cikin ladabi, don wanda yace a'a da rani yakan sassauto in ya ga hadari ya haɗu. Ke kuma ƙanwata ki tausaya wa kanki, ba ke kaɗai zaki riƙa gadin sama ba, ku raba kwanaki da ƙaninki wa zai bi sanarwa wa zai kira gida, ki gaya wa maigidanki halin da kike ciki ya san dalilin rashin barcinki, in abin ya ci gaba da hana ki sukuni ki ga likita ba abin kunya bane. Yau ki kira ƙanin naki ku ajiye maganar yanke kuɗi, ku sa ranar tafiya gida, kuma in kin samu Mama ita kaɗai ki rubuto min abin da tace.